Geron da Yaya Ya Ara

Yayana ya fi shekara talatin yana fitowa a talabijin da finafinai, kuma da wuya in tuna wasan da aka ba shi kujera a cikinsa. Ko dai yana tsugune a bakin zaure, ko yana tsaye da sanda yana buɗe wa mai gida ƙofa, ko an aiko shi ya faɗi magana biyu ya fita. Daga Sakkwato har Kano an san fuskarsa, ba a san sunansa ba. In aka gan shi a tasha sai a ce ga Bagobirin nan na talabijin. Ni Yaya nake ce masa, shekara biyar ya ba ni, kuma mu biyu muka rage wa Inna cikin 'ya'ya bakwai.

Tun muna yara a Sabon Birni ba shi da aiki sai kwaikwayon mutane. In azumi ya kai goma aka fara tashe, unguwa uku ke rigima a kansa, kowace na son ya shiga ayarinta. Yana iya tafiyar liman, yana iya tarin mai unguwa, yana iya muryar Bayarabiyar da ke sayar da atamfa a kasuwa. Baba bai taɓa yin dariya ba. Manomi ne shi na sosai, gonarsa tana kan hanyar Gangara, kuma a ganinsa duk namijin da ke neman a yi masa dariya akwai abin da ya ɓace masa. Da Yaya ya gama firamare ya ƙi sungumi, ya bi motar itace zuwa Sakkwato, ya samu aikin masinja. Daga nan wani ya ji shi yana kwaikwayon shugaban ofis ɗinsu ya kai shi rediyo, daga rediyo aka ɗauke shi talabijin.

Zanen fuskarsa ne ya zaɓa masa aiki. Zanen Gobirawa ne cikakke, tun daga bakin leɓe har kunne, wanda ba hular da za ta ɓoye shi. Don haka duk mako shi ne baƙauyen da ya shigo birni: ya ga fanka ya kwanta ƙasa, ya gaida madubi, ya cire takalmi kafin ya shiga mota. A garinmu akwai talabijin ɗaya ta jama'a da ake kunnawa bayan magariba, mutane su taru su yi ta dariya har da hawaye, gari ya waye kuma su tare ni a hanyar rijiya su ce ɗan'uwanki yana sayar da mutuncin Gobir. Dariyar ma da su aka yi ta, zagin ma su ne. Na sha yin faɗa a kan haka, don ni ba a haife ni da haƙuri ba.

Abin da nake son in rubuta ya faru ne a fari na biyu, babban rashin ruwan nan da ya zo wajen shekara goma bayan na farko. Lokacin Baba ya rasu, aurena na fari ya mutu, ina koyarwa a wata firamare a Isa, ina zuwa gida wurin Inna duk ƙarshen mako.

Baba bai bar mana shanu ba, bai bar gidan kwano ba. Gero ya bari. Gargasa ne, wato mai gashi a jikin zangarniya, wanda tsuntsayen jan baki ba sa iya sauka a kansa su ci, amma ba kowane gargasa ba. Shi da kansa ya yi shi. Duk kaka, kafin a sa wuƙa a gona, sai ya bi kunya kunya yana zaɓen zangarniyar da ta riga sauran nuna, ya yanke ta daban, ita ce irin baɗi. Haka ya yi tun kafin a haife ni, har geron ya zama yana riga na kowa nuna da kusan mako biyu. A ƙasar da ruwa kan ɗauke ba sallama, mako biyu shi ne tsakanin mai tuwo da mai zuwa cin rani. A fari na farko gonarmu na cikin 'yan kaɗan da aka ɗaure dami a cikinsu. Maƙwabta suka riƙa zuwa roƙon iri, yana ba su, suna ce masa geron gidanmu.

Fari na biyu ya fi ƙarfin kowane iri. Shekarar farko aka yi binne, ruwa ya zo sau ɗaya, shuka ta tsiro ta ƙone. Aka sake, ta sake ƙonewa. Shekara ta biyu ma haka, har sau uku Inna tana buɗe rumbu tana ba masu yi mana aiki iri. Maƙwabtan da Baba ya ba, wasu sun zuba nasu a ƙasa ya mutu, wasu yunwa ta sa sun dake shi. Na ga matan da na sani da rufin asiri suna tonon gidan tururuwa suna tankaɗe ƙasar don 'yan ƙwayoyin da ke ciki. Da bazara ta uku ta kama, abin da ya rage na geron Baba a duk inda muka sani zangarniya goma sha biyu ce. Inna ta naɗe su a tsohuwar tabarma ta rataye a azarar ɗakinta, inda hayaƙi ke kaiwa. Ta ce ba za ta ƙara kai su gona ba. A bayan ɗaki za ta shuka su, in sama ta hana ta ja guga ta ba su, har iri ya dawo. Masarar agaji muke ci a lokacin, ja, mai warin buhu, amma ko sau ɗaya ban ga ta ɗaga kai ta dubi tabarmar nan da niyyar ci ba.

Ana cikin haka Yaya ya iso a farar mota, da wasu samari masu wando da riga. Fim za su yi na faɗakar da manoma, a wani ƙauye kusa da Isa. Labarin manomi ne da yunwa ta kai shi ga cin irinsa. Kuma a karo na farko Yaya ne manomin, shi ne fim ɗin gaba ɗaya. Matsalarsu guda: suna son zangarniya ta gaske da zai riƙe, kuma sun zaga kasuwar Isa da ta Sabon Birni ba su samu ko ɗaya ba, sai tsabar da ake kawowa daga kudu.

Ina tsakar gida ya durƙusa gaban Inna ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ta ce, "Wanga ba kayan wasa na ba."

Ya ce, "Inna, nuna shi kawai za a yi. Da hannuna za ni maido miki shi, ko gashi guda ba ya hita."

Ta ce, "Ubanku bai bar muku komi ba sai shi. Ba ni badawa." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Da la'asar ya same ni ina wanke-wanke. Ya tsuguna kusa da ni, ya ɗauki kwano yana ɗauraya, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Ke kin yi boko, kin san hoto bai cin komi." Na ce masa ya rabu da ni. Can ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina gaida madubi. Wanga karon ba dariya za a yi min ba. In na riƙa karan dawa a hannu, manomi na gani ya san ƙarya ta." Maganar ta zauna mini. Na gaji da tare masa faɗa a hanyar rijiya. Ina son ko sau ɗaya mutanen garin nan su kalle shi su rasa abin cewa.

Bayan kwana biyu aka yi rasuwa a dangin Inna a Tsamaye, ta tafi za ta kwana uku. Ni na taka turmi na kwance igiyar da aka rataye tabarmar da ita. Ba Yaya ya sata ba, ni na sata, kuma na daɗe ina barin mutane suna ɗora masa. Sharaɗina ɗaya ne, cewa ni zan riƙe tabarmar, ni zan miƙa masa, ni zan karɓa. Na ɗora ta a cinyata a bayan farar motar har ƙauyen.

Wani kango suka samu a gefen gari mai rumbu wanda ba komai a cikinsa, kuma ba su sha wahalar samun irin wannan ba. Mutanen ƙauyen duk suka fito, da waɗansu baƙi da suka ƙetaro iyaka suka yada zango a ƙarƙashin itatuwan kalgo suna jiran abin da Allah zai yi. Babu matar aure a ƙauyen da za ta yarda a ɗauke ta hoto, sai aka samo wata daga cikin baƙin ta fito a matsayin matar manomin, da sharaɗin bayanta da hannuwanta kawai za a nuna. Doguwa ce, ta rame har wuyan hannunta bai fi taɓarya kauri ba.

Daraktan yaro ne ɗan birni, mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Da ya ga zangarniyun sai da ya shafa gashinsu yana mamaki. Nan take kuma ya canza shawara. Ya ce riƙewa kawai ba za ta isa ba, yana son a ga an sa su a turmi. Na ce a'a, na fara naɗe tabarmata. Yaya ya ja ni gefe ya ce, "Sussuka kawai. Tsaba ma ai iri ta, Inna ko ita sai ta sussuke shi kahin ta shuka." Gaskiya ya faɗa. Sussuka ba ta kashe iri, raba ƙwaya take yi da zangarniya. Abin da ke kashe shi surfe ne, in an yayyafa ruwa aka daka har dusa ta fita. Na yarda, na nemo ƙwarya na riƙe don in karɓi tsabar. Abin da ban yi ba shi ne in je in gaya wa matar da bakina. Na bar wa darakta, shi kuwa a wurinsa daka duk daka ne. Abin da ya ce mata kawai, ta yi yadda ta saba.

Suka yi ta fama da na'urarsu har rana ta take. Sau biyu ana farawa tana mutuwa. Daga ƙarshe daraktan ya juyo ya ce batir ɗaya ya rage, in ya ƙare sai a koma Sakkwato hannu wofi, don haka duk wanda ya yi tari ma a fitar da shi.

Yaya ya fito daga bayan rumbun da zangarniyun a rungume. Wasu suka fara murmushi tun kafin ya buɗe baki, don sun gane shi, suna jiran ya yi abin da ya saba. Bai yi ba. Ya zauna a ƙasa ya jera su a cinyarsa, ya ɗauki ɗaya ya auna ta da damtsensa, ya murza gindinta da babban yatsa ya duba ƙwayar. Haka Baba yake yi, har yadda yake karkatar da kai. Duk shekarun nan da Baba ke ganin yaron ba ya kallon gona, ashe shi yake kallo. Ya bar maganar da aka rubuta masa, ya yi tasa. Ya ce wa geron, a hankali, kamar mai lallashin yaro, "Na so in kai ka damana. Allah ya sani na so." Ya lissafa gonakin da ya shuka shi, da shekarar da ya cika rumbu har aka rasa inda za a sa saura. Sannan ya miƙa wa matar ba tare da ya dube ta ba.

Wani tsoho kusa da ni ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska. Waɗannan mutane ba labari ake ba su ba, da yawansu sun yi wannan miƙawar da hannunsu a watannin da suka wuce.

Matar ta kakkarya zangarniyun a turmi ta sussuke, ta juye a faifai ta sheƙe ƙaiƙayin. Hannunta na da sauri. Na gyara riƙon ƙwaryata, na ɗaga ƙafa zan matsa. Sai na ga ta mayar da tsabar cikin turmi, ta miƙa hannu ga kwanon ruwan sha da wani ya ajiye a gindin rumbun, ta ɗebo da tafinta ta yayyafa. Ba mugunta ba ce. Duk macen da ta sheƙe gero tana da yara masu jin yunwa, abin da hannunta zai yi ke nan.

Na gani, Yaya ma ya gani. Yana zaune bai fi taku uku da turmin ba, idonsa a kan hannunta. Daga yayyafa ruwan zuwa ɗaga taɓaryar akwai lokacin da za a ce tsaya sau goma. Ko bayan ruwan ya taɓa shi, da an shanya a rana da ya tashi. Ko bayan bugu biyar, ko goma, da an tsira da rabi. Na dubi Yaya ina jiran ya yi magana, shi kuwa hawaye ne ke bin zanen fuskarsa, kyamara tana kansa, mutum fiye da ɗari suna kallonsa ba mai dariya. Bai ce komai ba. Ni ma da ake tsoron bakina a ɗakin malamai, da ƙwarya a hannuna, ban ce komai ba. Na sha gaya wa kaina tsoron darakta ne ya hana ni, amma ba shi ba ne. Ban so abin ya tsaya ba. Ban taɓa ganin ɗan'uwana haka ba, kuma na so in ci gaba da ganinsa. Muka bari har ƙarar turmin ta canza, ta koma irin ta geron da dusarsa ta saki.

Da aka ce an gama, daraktan ya rungume Yaya. Matar ta tambaya ko za ta iya tafiya da abin da ke turmin. Wa zai ce mata a'a? Kafin su gama naɗe wayoyinsu ta hura wuta a ƙarƙashin kalgo ta dama kunu. Ni kuwa na durƙusa a gindin turmin ina tsince rairayi, mutane na kallona, malamar makaranta da takalmi mai tsini. Na samu ƙwayoyin da ba su cika tafin hannu ba, na ƙulle a bakin gyalena. A Isa na sauka, shi ya wuce Sakkwato da su, bai biyo ta gida ba.

Ranar da Inna ta dawo daga Tsamaye ina gida ina jiranta. Ta shiga ɗaki, ta daɗe, ta fito da igiyar a hannu. Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba, har shirun da na yi. Na so ta zage ni, na so ta ɗauki muciya. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "An sha shi?"

Na ce, "An sha, Inna. Wata baƙuwa da ɗiyanta."

Ta ce, "To." Ta naɗe igiyar ta sa a ƙarƙashin gado.

Na ba ta ƙullin gyalen. Da ruwa ya sauka ta shuka su a bayan ɗaki, rami tara. Huɗu suka tsiro. Ta kewaye su da ƙaya, tana ba su ruwan guga safe da yamma. Sun kai gwiwa sai tsutsa ta shiga zuciyarsu, ɗaya bayan ɗaya suka bushe. A gona kuwa irin da aka raba na agaji aka shuka, gajere, marar gashi. Daminar ta yi kyau, geron ya yi, jan baki suka sauko suka raba mu da kusan rabinsa. Da na Baba ne da ko kusa ba su zo ba, kuma duk unguwar an san haka, ba dai mai faɗa a gabanmu.

Bayan kaka motar majigi ta kawo fim ɗin Sabon Birni, aka kafa farin ƙyalle a filin makaranta. Inna ba ta je ba. Ni na je na tsaya a baya. Mutanen da suka shekara goma suna zagin Yaya suka yi ta sharar hawaye. A ƙarshe wata murya mai kauri ta fito tana jan kunnen manoma cewa kome tsananin yunwa kada su ci irinsu. Nan na juya na tafi gida. Washegari mata suka yi ta shigowa yi wa Inna barka, ɗanta ya fitar da Gobir kunya. Tana amsawa da madalla, tana ci gaba da kaɗin audugarta.

Fim ɗin ya canza masa aiki, amma ba yadda ya zata ba. An daina ba shi baƙauye, aka koma ba shi talaka. Duk wasan da ake buƙatar wanda zai yi kuka a kan gona, ko uban da za a kora daga asibiti, shi ake kira. Da finafinan kaset suka zo ya koma Kano, ya yi maigadi, ya yi boka, ya yi mahaifin yarinya wanda kan mutu kafin a kai rabin kaset. Bai sake zama shi ne fim gaba ɗaya ba. Na kalli da yawa daga cikinsu. Wasansa na da kyau a dukkansu, ko magana biyu aka ba shi sai ka tuna da shi, amma abin da na gani a kangon nan ban sake ganinsa ba.

Shekara biyu bai taka gida ba. A ta uku ya zo da azumi, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, ya ajiye wani ƙullin leda. Gargasa ne ya samo a wani ƙauye wajen Tsibiri, an ce masa daga Sabon Birni asalinsa ya fito. Ba su yi maganar abin da ya wuce ba, a ranar ko bayanta. Ta karɓa, da damina ta shuka a bayan ɗaki. Da ya nuna ta yanko zangarniya ɗaya, ta shafa gashin, ta ɓare ƙwaya ta ciza, ta ce mini, "Ba shi na ba." Ni na rubuta masa wasiƙa na gaya masa.

Daga nan abin ya zame masa kamar ciwo. Duk inda aka je ɗaukar fim, in an tashi cin abinci shi sai ya shiga gari yana tambayar tsofaffi wa ke da gero mai gashi. Abokan aikinsa har tsokanarsa suke yi, suna ce masa malamin gona. Ya tuna Baba ya taɓa ba wani Bafillace abokinsa iri, ya bi sawun zuriyar mutumin har ƙetaren iyaka sau biyu. Kusan kowace shekara da ƙullinsa, wani a leda, wani a gwangwanin madara, wani a safar ƙafa. Inna ba ta taɓa ƙin shukawa ba, ba ta kuma taɓa yi masa kara ba. Wani ta ce gashin ya yi gajarta, wani ta ce ya makara da nuna, wani tun yana ganye ta ce a ba akuya. Na taɓa ce mata, cikin fushi, ta ce masa shi ne mana ya huta, me zai ragu a jikinta? Ta dube ni ta ce, "In yi mai ƙarya bisa geron ubanai?" Ban sake tayar da maganar ba.

Inna ta rasu da rani, Yaya yana Kano, bai samu jana'iza ba. Na ɗauka neman ya ƙare ke nan. Bai ƙare ba, ni ya koma kawo wa. Na yi ritaya na dawo gidan, na ci gaba da shukawa a inda take shukawa, amma ni me na sani? Shekarun da ya kamata in tsaya kusa da Baba in koya, ina makaranta. Na san geron yana da gashi, na san yana saurin nuna, na san furarsa tana da wani gardi. Iyakar sanina ke nan, kuma gargasa duk haka yake a idona.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Yaya a wurin ɗaukar wani fim, aka kawo mini shi a bayan mota da jaka ɗaya. Matarsa ta riga shi, 'ya'yansa mata suna gidajen aurensu a nesa. Cikin jakar akwai kaya kala uku da ƙullin gero, na wajen Madarunfa, daga hannun jikan Bafillacen nan. Bakinsa ya karkace, magana sai da ƙyar, amma da aka yi ruwan shuka sai da ya sa na ja tabarmarsa zuwa ƙofar ɗaki don ya ga ina binnewa. Kullum da safe in na kawo masa kunu sai ya nuna bayan ɗaki da hannunsa mai lafiya, in ba shi labari: ya tsiro, ya kai gwiwa, ya fitar da kai, ya yi bununi. Wata rana ina goge masa baki ya riƙe hannuna ya ce, "Na ga hannunta cikin ruwan." Na ce na sani, ni ma na gani. Shi ne karo ɗaya da muka yi maganar a tsakaninmu.

Geron ya nuna da wuri, ya riga na maƙwabta, ko da yake shekarar ruwa ya zo da wuri, kuma a bayan ɗaki yake inda taki ya yi yawa. Na yanko zangarniyar da ta fi kyau na kai masa. Ya ɗora ta a ƙirjinsa, ya shafa gashin, ya yi ƙoƙarin murza gindinta da yatsa ya kasa. Ya ɗago ido ya dube ni.

Ya ce, "Shi na?"

Na shirya amsar tun ina bayan ɗaki. Na saki fuska, na ɗaga murya kaɗan, na ce, "Shi na, Yaya. Wallahi kamar Baba ya yanko shi da hannunai."

Ya daɗe yana kallona. Sannan gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga, ya ce, "Ke dai ba ki iya wasa ba."

Ya miƙo mini zangarniyar, ya juya fuskarsa bango. Bayan kwana goma sha ɗaya ya rasu, da hantsi, ina shanya wanki. Geron na sussuke shi na zuba a tulu na toshe bakin da toka. Ina shuka shi duk shekara, yana yi, muna ci. In maƙwabta suka zo roƙon iri ina ba su, in suka tambaye ni wane iri ne sai in ce ban sani ba.